Abin da Hajiya Fatna Ta Cika da Shi

Litinin, 2 ga Rajab 1402

Zulaiha ta zo bayan la'asar, wai in riƙa zuwa ina zama da mahaifiyarta, Hajiya Fatna, tsohuwar nan 'yar Indiya da ke bayan layinmu a Anbariyya, nan Madina. Jiki ya yi nauyi, hankali ma ya fara gushewa. Da yake ni ke wankan gawar mata a unguwa, ni ake kira in laƙƙana wa majinyaci kalmar shahada. Na amsa.

Alhamis, 5 ga Rajab

Ba ta karɓar kalma. In na faɗa a kunnenta sai ta yi murmushi, ta kama wata waƙa da yarensu tana buga yatsa a gefen katifa, hawaye na zuba. Na ɗauka begen Annabi ne. Har masha Allah na ce.

Asabar, 7 ga Rajab

Da na sani ban tambaya ba.

Sai da Zulaiha ta tura ƙofa kafin ta ba ni amsa. Ashe iyayen Fatna 'yan Hindu ne, da budurcinta ta musulunta. Waƙar ta wata mata ce mai wankau ta zamanin da, wadda mutanensu suka ɗauka waliyyiya. Saboda asalinta ba a barinta ta shiga ɗakin bautarsu, sai ta riƙa tsayawa bayan katanga kowace safiya tana rera wa abin bautarta waƙa, har ta tsufa ta makance a wurin. Wai a waƙar cewa take, ko ba ka buɗe ba ina nan, ba ni da wata ƙofa. A bakin kakarta Fatna ta koya.

Zulaiha ta kira ni inna da Larabci, ta ce, "Ya Hala Uwa, ki rufa mana asiri. Shekara arba'in tana salla a Harami. In matan unguwa suka ji, wa zai zo gaisuwarta?"

Na tashi na fito. Takalmina ma a hagunce na sa.

Lahadi, 8 ga Rajab

Ban je ba. A garin Manzo! Kuma ayyuka da cikawarsu suke. In ta cika a kan wannan, ya halatta in wanke ta?

Talata, 10 ga Rajab

Na tambayi Shu'aibu, ɗan wana da ke karatu a Jami'a, ban kama suna ba. Ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe.

"Goggo, wace ce?"

"Ci abincinka, malam. Tambaya ce kawai."

Abin da ban gaya masa ba: ba ta gane 'yarta, amma in ta kama waƙar nan idonta tar, kamar wadda ta ga baƙon da take jira. Gushewar hankali ke nan? Na koma dai da yamma.

Juma'a, 13 ga Rajab

Na samu shiga Rauda, gefen kabarin Manzo. Shekara ashirin ana buɗe mini ƙofar nan, yau ma turmutsutsu da jakar takalmina na fi tunawa. Waccan mai wankau kuwa bayan katanga. Astagfirullah, ina ni ina haɗa su.

Litinin, 16 ga Rajab

Ta cika gab da azahar, kanta a cinyata. Sau uku na laƙƙana mata. Leɓenta ya motsa, na kai kunne. Abin da na ji na ji.

Ni na wanke ta. Hawa, mai taya ni wankan gawa, na zuba mini ruwa ta raɗa, "Yaya Uwa, ta dai samu kalma?" Zulaiha na tsaye da likkafani.

Na ce, "Bakinta na motsi har ta cika. Zuba ta dama."

Ban yi ƙarya ba. Mai wanka ba ta fita da abin da ta gani, haka aka koya mini. An kai ta maƙabartar Baƙi'a bayan la'asar. Gidan cike da mata.

Laraba, 18 ga Rajab

Bayan sallar walaha na ɗaga hannu na ce Allah ya jiƙan Fatna. Sai na ji bakina bai rufe ba, kamar da sauran mutum ɗaya, ta bayan katangar nan. Ban faɗa ba. Amma na jima kafin in shafa.