Takardar da Maigidana Ya Riƙe a Juye

Zuwa ga Goggo Delu,

Goggo, don Allah ki taimake ni da shawara kafin sadakar arba'in ta maigidana. Saura mako uku, an ce sai na yi magana a ranar, ni kuwa ban san abin da zan faɗa ba.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ɗakin takaba, na sake ɗauko wata takarda da aka samu a aljihun rigarsa. Samfurin takardar ƙuri'a ce, irin wadda 'yan siyasar Najeriya suka yi ta rabawa, mai alamu biyar a jere daga sama zuwa ƙasa. Akwai shaidar babban yatsansa har bakwai a layi guda, da baƙin man mota. Yana da tabo a wannan yatsa, kusa da farce, inda bel ɗin inji ya taɓa yanke shi. Da na kai takardar bakin ƙofa wurin haske, sai na ga farin layin tabon yana ƙasa a duka bakwai ɗin. Na juya takardar. Yatsun suka miƙe daidai, rubutun ya koma a kife. Nan na gane a juye ya riƙe ta, kuma ni ce ban taɓa gaya masa ina ne sama ba.

Bari in koma baya. Sunayen da zan sa ba na gaskiya ba ne. Ni 'yar Bazaga ce, na yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, kafin a fitar da ni, shi ya sa za ki ga rubutuna kamar yadda yake. Maigidana mutumin tsallaken iyaka ne, daga wani ƙauye bayan Illela Amarawa, amma shekararsa talatin a nan Birnin Ƙonni. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, har yanar ido ta rufe masa gani ya ajiye tuƙi, ya koma zaman garejin ƙanensa Yari. Bai yi karatun boko ba ko na rana ɗaya. Ɗanmu Hayatu kuwa ya yi lakwal har ƙarshe, yanzu mushe ne, wato malamin makaranta, a Tajaye. Ubansa ma Mushe yake ce masa, wani lokaci da alfahari, wani lokaci da tsiya.

Da damina ta faɗi aka rufe lakwal, Hayatu ya zo hutu, ya tarar da gari ba zancen da ake sai zaɓen Najeriya. Mu nan ba mu da akwatin zaɓen, amma kowa ya ɗauki nasa ɗan takara kamar shi zai jefa. Maigidana da Yari sunayensu na can cikin rajistar zaɓe, duk Asabar ɗin zaɓe sai su tsallaka. Su 'yan jam'iyya mai alamar gida da masara ne. Hayatu kuma mai alamar mabuɗi yake so.

Da azumi ya kama, kullum bayan shan ruwa sai a kunna rediyo a tsakar gida, gardama ta tashi. Maigidana yana cewa shi ya tuƙa kamyo a shekarun yaƙin basasar Najeriya, ya ga gawa a bakin hanya, don haka mutum mai sanyin magana yake so, wanda zai bar hanya a buɗe a ci abinci. Hayatu yana cewa sanyin magana bai taɓa sauke wa talaka haraji ba, kuma ya gani da idonsa ana raba sabulu da atamfa a tasha. Uban ya ce masa: "Kai da ko ƙuri'a ba ka da ita, Mushe, ka fi masu ita zafi." Muka yi dariya. Har nan lafiya.

Ranar da abin ya ɓaci, Yari ne ya fara, ya ce 'yan lakwal sun sha ruwan Nasara sun raina iyayensu. Hayatu ya ajiye ludayi ya ce ai ba mutum suke zaɓa ba, hoto suke zaɓa. Ya ce wanda ba ya iya karanta sunan ɗan takararsa, sai an riƙe masa hannu an kai shi kamar ɗan yaye, da bai kamata a ba shi ƙuri'a ba. Ba da ubansa yake ba, na sani, da Yari yake. Amma a zaɓe huɗu da aka yi a baya, Yari ne ke riƙe hannun wansa ya shiga da shi saboda idanun. Maigidana ya kashe rediyo, ya ce Mushe ya tattara littattafansa, gidan jahilai ba zai ɗauke shi ba. Da safe Hayatu ya hau mota zuwa Tajaye. Bai durƙusa ba, uban bai kira shi ba.

Daga nan maigidana ya rantse zaɓen shugaban ƙasa shi kaɗai zai shiga, ba mai taɓa hannunsa. Ya kawo mini samfurin nan ya ce in koya masa. Ba ya rarrabe hotunan, inuwa kawai yake gani layi-layi. Na ce masa ya lissafa daga sama, na biyu shi ne masara. Kullum bayan la'asar, ina jiran koko ya dahu, sai in miƙa masa takardar, ya lalubo na biyu ya ɗora yatsa, in ce daidai. Goggo, ni ke miƙa masa ita. Hannuna da kansa yake daidaita ta ba tare da na sani ba. Bai taɓa faɗo mini a rai cewa takarda tana da kai da ƙafa ga wanda bai san harafi ba. Idan an kife ta, na biyu daga sama mabuɗi ne. Yatsun nan bakwai kuwa a gareji ya dangwala su, shi kaɗai, ba na wurin.

Ya je, ya shiga shi kaɗai, ya dawo yana nuna mini tawada a yatsa kamar wanda ya dawo daga Makka. Nasu ya ci. Kwana goma bayan Sallah zazzaɓi ya kama shi, a kwana na uku Allah ya karɓi abinsa. A cikin ciwon bai yi magana mai yawa ba. Ya ce in kula da akuyar A'i, autarmu, ya ce a ba Mushe rediyon tunda shi ke son surutu, ya ce a buɗe masa taga. Ruwa ya yanke hanyar Tajaye, Hayatu bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Kwana bakwai yana zaune a zaure kamar an dasa shi, ba ci ba magana. Na ji tsoro ƙwarai.

Ranar sadakar bakwai ana ninke tufafin mamaci takardar ta faɗo a gaban Hayatu. Ya ga yatsun ubansa bakwai a kan mabuɗi. Ya fashe da kuka, yana cewa Baba ya ji maganata, Baba ya yafe mini. A ranar ya ci tuwo. Ni ma a lokacin haka na ɗauka, na gode wa Allah.

Amma bai yi shiru ba. Ya faɗa wa abokansa, magana ta kai gareji, 'yan mabuɗi suka fara yi wa Yari tsiya cewa ko wansa ya gudu ya bar shi. Yari ya zo ƙofar ɗakina. Ya ce an yi wa mamaci ƙage, ya ce Hayatu ne ya dangwala yatsun da kansa don ya wanke laifinsa. Ya ce tunda ni na koya wa wansa, ranar arba'in sai na dafa Alƙur'ani na faɗi inda ya sa yatsa. In ba haka ba, shi da 'ya'yan wansa sai a lahira. Ya kulle kayan mamacin a garejinsa har ranar rabon gado.

To ki duba mini. In na ce mabuɗi ya zaɓa, na yi ƙarya ina cikin takaba, kuma na yanke zumunci da Yari, wanda shi ne uban yaran nan yanzu. In na faɗi gaskiya, na ƙwace wa ɗana abu ɗaya da ya tayar da shi daga zaure, kuma na tabbatar da maganar da ya yi wa ubansa. Na san mutanen tasha, Goggo. Za su sa masa suna, shekara ashirin ana dariyar mutumin da ya kife ƙuri'arsa. Mutumin da ya san kowane rami daga nan har Ikko ba tare da ya karanta allon hanya ko ɗaya ba.

Ba na iya cin abinci. Har yau ban faɗa wa kowa ba, Hayatu bai je kabarin ubansa ba, kuma shi da Yari ba su gaisa ba.

Mai takaba, Birnin Ƙonni

*

Ƙanwata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Ki fara da cin abinci, domin aikin da ke gabanki ba na mai jiri ba ne.

Ba za ki rantse ba. Ba don ki ɓoye wani abu ba, sai don ba ki san amsar ba. Takardar aljihu daban, wadda ta shiga akwati daban. A gareji shi kaɗai ya zaro ta daga aljihu ya warware. A rumfar zaɓe kuwa ma'aikaci ne ya miƙa masa, kuma mai yiwuwa hannun ma'aikacin ya daidaita ta yadda naki yake yi. Wataƙila masara ya dangwala, wataƙila mabuɗi. Ba ke ba, ba Yari ba, ba Hayatu ba, babu wanda ya gani. Ki aika wa limamin unguwarku tun yanzu, ki ce ana so a rantsar da ke a kan abin da ba ki shaida ba. Ban ga limamin da zai bari a mai da sadakar mamaci kotu ba, balle a fito da mai takaba gaban maza.

Sai Hayatu. Na auna barinsa da abin da ya gaskata, domin na ga ya ci tuwo a kansa. Ban yarda ba. Tabon da kika gani shi ma zai iya ganinsa wata rana, kuma ranar zai san kin sani kin yi shiru. Ki kira shi ɗakinki ku biyu, ki kai takardar bakin ƙofa, ki juya ta a gabansa. Zai ji ciwo. Ki bar shi ya ji.

Amma ba hannu wofi za ki sallame shi ba. Kin faɗi wata magana a tsakiyar wasiƙarki, tsakanin akuya da taga, kika wuce ta kamar ba komai. Mutum yana kan gadon mutuwa ya ce a ba Mushe rediyon. Rediyon da ya kashe ranar da ya kore shi. Na tabbata ba ki faɗa wa yaron ba, tunda ga shi yana neman yafiya a jikin man mota. Wannan kin ji da kunnenki, kuma ita ce kike iya rantsuwa a kanta. Ki faɗa masa da kalmomin ubansa, har da tsiyar. Ki faɗa wa liman ita ma, a nemi yardar sauran magada a fitar da rediyon kafin rabo.

Game da gardamarsu, Hayatu yana da rabin gaskiya. Da ubansa ya san harafi ko biyar, da bai kife takarda ba, kuma da ba a sayen mutane da sabulu cikin sauƙi haka. Amma ubansa ya san wanda yake so, ya san dalili, dalilin kuma daga abin da idonsa ya gani ne tun idon yana gani. Ido da takarda ne suka ci amanarsa, hankalinsa na nan. Wanda ya zauna a gareji da bakin azumi yana gwada yatsa har sau bakwai don kada a riƙe masa hannu, ba shi za a hana ƙuri'a ba. Ke ma ki daina tuhumar kanki. Mai karatu ba ya tuna ranar da aka nuna masa saman takarda. Ɗanki mushe ne, wannan darasi nasa ne fiye da kowa.

Yari ya yi kaushi, amma ki duba shi da kyau. Shi ke riƙe hannun wansa, an hana shi a karo na ƙarshe, yanzu kuma ana yi masa dariya a wurin sana'arsa. Yana da haƙƙi. Hayatu ya tafi garejin da ƙafarsa, da rana, gaban waɗanda suka ji maganar farko. Ya durƙusa ya ce: Baba Yari, na faɗi abin da ban sani ba, na janye, kuma ka yafe mini maganar da na yi da azumi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa. Zancen kifewar takarda ya tsaya tsakaninki da ɗanki. Tasha ba ta da rabo a ciki. In Yari ya nace sai ya ji inda yatsun suka fito, ki nuna masa tabon shi kaɗai. Ya fi kowa sanin yatsan wansa, kuma ba zai kai wansa kasuwa ba.

Daga garejin, Hayatu ya roƙi Yari ya raka shi maƙabarta. Shi bai san kabarin ba, Yari ne ya sa wansa a ciki.

Allah ya haɗa kan gidanki, ya sa ki fita takaba lafiya.

Goggo Delu