Igiyar da Na Yanka wa Agwagin Roba

Plumstead, Landan.

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da duk mutanen Nguru. Yaya ƙafar Inna? Yaya ruwan bana?

Ranar Asabar manajanmu da abokansa suka tafi da ni harbin agwagwa a bakin kogi, gabas da Landan. Su a nan agwagin roba suke zubawa a ruwa don na gaske su sauko. Da manajan ya nemi mai ɗaura musu dalma da igiya don kada ruwa ya tafi da su, na ce ni ɗan masunci ne, a bar mini.

Na yi yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mana. Na auna zurfi da sanda, ruwa iya gwiwa, na yanka igiya kamu biyu-biyu, na zaɓi ƙananan dalma. Manajan nan yana tsaye yana kallona.

Ashe ruwan nan ba irin na fadamarmu ba ne, teku ce ke turo shi. Kafin azahar ya kawo ƙirji, dalma ta bar ƙasa, agwagi goma sha biyu suka bi ruwa. Sai manajan ya ce wa abokansa, "Da gangan na ƙyale shi, don ku gani." Suka yi ta ƙyaƙyata dariya.

Kuskuren nawa ne, na yarda. Amma shekara shida ina rufa masa asiri a ofis, ba wanda ya taɓa ji.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Inna, amma kada ka ba ta labarin nan. Har gobe cewa take, duk cikinmu ni na gado hannun Baba.

Ƙaninka,
Sale