Gawar da Ka Bari a Bakin Maƙabarta

Zuwa ga Yaya Habu, shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, duk inda ka maƙale a birnin Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ka taɓa kwanciya a makara da ranka, kana ji ana yi maka salati? Ni na taɓa, kuma kai ka kwantar da ni. A nan dandalin sada zumunta na rubuto, inda kowa zai karanta, tunda wayarka kullum a kashe.

Kai ka kawo mana wasan nan na Girkawan dā, ka juya shi da Hausa: sarki ya hana a binne wani saurayi, 'yar'uwarsa ta ce ko za a kashe ta sai ta rufe shi. Ni da na koyi boko a takardun ƙunshin ƙosai na haddace maganar kowa, amma ka ce ni ne gawa, wai ko bakina zai huta.

Ranar kasuwar Tsanyawa ka sa aka ɗauko makarar masallacin unguwa, ladan ba ya nan. Ka ce in hau a gwada nauyi. Ka lulluɓe ni da farin yadi, mutum huɗu suka saɓa za a kai ni filin firamare, inda muke wasan.

Duk karatunka bai tuna maka ba: a garin nan ba a ganin makara a wuce. Mai keke ya jingine, mai rake ya bar rakensa, kowa na neman lada. Wannan ya karɓi kafaɗa, wancan ya karɓa. Kafin a kai gindin tsamiya babu namu ko ɗaya a ƙarƙashina, kuma an miƙe hanyar maƙabarta. Wani ya ce wane ne, Sale ɗan ƙungiyarmu ya ruɗe ya faɗi gaskiya: Nafi'u ne na gidan Malam Iro.

Ina jin komai. Kullum kana cewa gawa ba ta motsi sai ka ce a tsaya. Wallahi muryarka nake jira, Yaya Habu. Ba ta zo ba. Sai a bakin maƙabarta na kurma ihu, suka watsar da ni suka tarwatse.

Kafin nan labari ya kai wa Inna, ta zube a bakin murhu. Washegari ka bi motar farko.

Yau wata biyu. Sunana a gari Marigayi. A sahu ana barin tazara kusa da ni. Kowa ya yarda ni na shirya don in yi wa mutane izgili, ai an san bakina. Sale da sauran 'yan ƙungiya, iyayensu sun ja musu kunne, sun yi gum. In tafi, wa zai kama wa Baba noma, ga gero ya fara ciki? In zauna, ga Inna: za ta turo min tuwo, amma tun ranar ba ta ƙara kiran sunana ba. Wannan ne ke ci na, ba Marigayi ba.

Kuma na kasa tsanarka, abin haushin ke nan. Kai ka ba ni ƙamus ɗina na farko, bangonsa a yage. Kai kaɗai ka ce surutuna baiwa ce. Har yanzu ina noma ina maimaita maganar yarinyar nan ta cikin wasan, tsakanin kunya da kunya, ba mai ji sai tsuntsaye. Ita ta tsaya wa gawar ɗan'uwanta a gaban sarki. Kai taka gawar har ihu ta yi, ka juya mata baya.

Allah ya tsare ka, ya buɗa maka a birni, ya sanyaya zuciyar Inna.

Amma ka amsa a ƙarƙashin rubutun nan, da sunanka, ba a waya ba: wa ya ce a ɗauko makara? Ƙanwata Hassana za ta karanta wa Inna.

Ƙaninka da bai mutu ba,
Nafi'u