Na Canja Keken Jaririya

Baban jaririya,

Na tafi kai ta rigakafi.

Keken da za ka gani a ƙofa ba shi ne wanda marigayiya ta zaɓa ba. Ƴata doguwa ce, daidai tsayinta ta saya. Jiya na tura shi zuwa bakin titi, mariƙinsa har ƙirjina, kafaɗuna sun gaji. Ɗazu na mayar. Mai shago ya ce, "Mama, ina mai shi? Ita fa ta dage sai wannan." Na nuna masa wani gajere kawai.

Ka yi haƙuri ban shawarce ka ba. Mai shagon zai ajiye nata zuwa jibi. In ranka bai kwanta ba, ka karɓo shi, zan tura a haka.

Kakarta