Darbejiyar Gidanmu

Haladipur, 3 ga Afrilu

Ƙanwata Minati,

Albarkata gare ki da yaranki, kuma ina gaida maigidanki Dibakar. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta bi ta kan takarda yake, amma wannan ba maganar da zan sa wani ya rubuta mini ba ce. Ki karanta ke kaɗai, ki jefa a murhu.

Kin san bana shekarar canza jikin Gopinath ce, ubangijin haikalinmu. Shekara goma sha tara ta cika, itacen jikinsa ya tsufa, dole a sassaƙa masa sabo. Masu hidimar haikali sun fita neman bishiya tun watan jiya, ba takalmi, suna bin inda mafarkin Harihar Panda ya nuna. Tsohon nan shi ne babbansu yanzu, duk da ko allonsa ba ya gani sosai. Ƙauye goma sha ɗaya suka zaga. Shekaranjiya ina tsakar gida ina shanya barkono sai na ji an busa katantanwar haikali a ƙofarmu.

Minati, darbejiyarmu suka zaɓa.

Wai ta cika komai. Rassa huɗu, ba a taɓa sa mata gatari ba, ga suri a gindinta, ba sheƙar tsuntsu ko ɗaya, kuma sun ga alamar katantanwa a ɓawonta. Ni da nake share ƙarƙashinta tun ina yarinya ban taɓa ganin wata katantanwa ba, amma wa zai tambaye ni? Mata suka cika gidan da guɗa. Bidyadhar mai gari har da hawaye, yana cewa, "Hemalata, kin ga ikon Ubangiji? Shekara ɗari takwas da gina haikalin nan, ba a taɓa ɗaukar itace daga cikin garinmu ba, sai a gidan gwauruwa!" Na ce masa na gani. Na zauna a ƙasa, suka ce murna ce.

Ni da ke muka rage a duniya da muka san abin da ke gindin bishiyar nan. A wancan canjin jikin, da hantsi, gari kaf yana wajen jan karusar Gopinath, kika haihu a ɗakin hatsi ba aure, ni da Inna muka binne abin da kika haifa tsakanin saiwoyinta. Inna ta tafi ta huta, ta bar ni da shi.

Ranar sara, kafin gatari ya taɓa ta, ana tsayar da mai gida a tambaye shi sau uku, ko ƙasar nan ta taɓa riƙe gawa. Ba uba, ba ɗan'uwa namiji, ni ce mai gidan. Sati biyar ya rage. Me zan ce? Kaina ya kulle, ki rubuto da sauri.

Yayarki,
Hemalata

*

Surat, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Hemalata,

Ina taɓa ƙafafunki don girmamawa, tare da fatan kina lafiya. Mu nan lafiya lau, yara suna makaranta. Saƙonki ya iso, na tari mai kawo wasiƙa a bakin layi, na kuma yi yadda kika ce.

Labarin ya riga takardarki zuwa. Mutanen garinmu da ke masaƙa sun kawo shi, Dibakar ya raba alewa, yana faɗa wa kowa cewa daga gidan surukansa Gopinath zai fito. Uwarsa, wadda shekara goma sha takwas ba ta taɓa kirana da sunana ba, jiya ta shafa mini mai a ka da hannunta.

Yaya, don girman Inna ki ce babu. Kalma ɗaya ce. Idan kika ce akwai, za a tona, kuma kin san wadda za a kora daga gidan nan, kin san yaran da ba za su sake ɗaga kai ba. Ban yi barcin kirki ba tunda na karanta.

Ko kuwa ki ɓata musu bishiyar. Kin ce sai wadda ba ta da sheƙa. Ki watsa shinkafa, ki rataya wani abu a reshe, tsuntsaye su zo. In suka ga sheƙa ai za su tafi wani ƙauyen.

Kada ki ƙara rubuta abin a fili haka, ina roƙonki.

Ƙanwarki mai biyayya,
Minati

*

Haladipur, 22 ga Afrilu

Minati,

Albarka gare ki. Zan rubuta a fili, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa da baki.

Dabararki na gwada, kuma ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Sun kewaye bishiyar da igiya, sun kafa rumfa a tsakar gidana, suna ƙona man shanu safe da yamma, ko tabarmata ba ni da wurin shimfiɗawa. Na ce zan ciyar da tsuntsaye don lada, na watsa mudu biyu na shinkafata mai kyau. Hankaki da kurciya suka cika gidan, suka cinye tas, suka tashi suka koma kan mangwaron maƙwabta. Hayaƙin ne ya kore su, ko jaki ya san haka. Amma sai Bidyadhar ya ɗaga hannu sama yana ihu, "Ku duba! Ko tsuntsu ya san jikin wa ke cikin itacen nan!" Yanzu daga ƙauyuka ake zuwa kallon abin mamakin da na yi da hannuna. Tir da ni.

Sai na je wajen Harihar Panda, na kai masa ayaba, na zauna nesa. Na ce, "Baba, tambaya ce kawai ta tsohuwa mai surutu. In aka sare bishiya alhali akwai gawa a ƙasanta, ba a sani ba fa?" Ya daɗe yana tauna ganyen nan da tsofaffinmu ke taunawa kamar goro. Ya ce in ba a sani ba, Gopinath ya sani, kuma shi mai yafiya ne. Amma in mai gida ya sani ya ɓoye, to ya tura Ubangiji cikin ƙazamin jiki na shekara goma sha tara, duk shinkafar da aka miƙa masa ba ta karɓu ba, duk auren da aka ɗaura a gabansa ba albarka. Ya ba ni labarin zamanin kakansa, da aka yi haka a wani ƙauye, amai da gudawa suka share rabin gari, aka rushe gidan mutumin aka shuka ƙaya a wurin. Sannan ya yi dariya ya ce, "Ke me ya dame ki, 'yata? Gidanku ai ko kaza ba a taɓa yankawa ba."

Kin san ni da Gopinath. Tun da mijina ya mutu aka dawo da ni gidan nan da farin sari, zanen takaba, shi kaɗai ne bai kawar da kai daga gare ni ba. Inna takan ce shi ne guntun itacen da ya ɗauko matar maginin tukwane a babbar ambaliya ya kai ta tudu, bai nemi komai ba sai a yi masa idanu. Idanun nan zan tsaya gabansu in yi ƙarya? Ina jin tsoro, Minati.

Na yi tunanin in ce akwai, in ce nawa ne. A kore ni, me ya rage mini? Amma matan garin nan ba su manta komai ba. Sun san wadda aka ce tana ciwon shawara aka ɓoye wata huɗu a shekarar, sun kuma ga ni kullum a rijiya da cikina a shafe. Kafin in rufe baki sun lissafa da yatsu.

Duk da haka ina ganin zan faɗa. Ki yafe mini tun yanzu.

Yayarki,
Hemalata

*

Surat, 30 ga Afrilu

Yaya,

Ba zan yafe ba.

Kina tsoron yi wa Gopinath ƙarya sau uku. Ni kin yi mini ita shekara goma sha tara ba ki ji tsoro ba. Kuka ce mini ba rai. Na ji kuka, Yaya. Ina kwance a kan buhunan shinkafa, ganguna suna tashi daga haikali, amma na ji kuka ta bayan bango, ba sau ɗaya ba. Na tambayi Inna, ta ce kyanwa ce. Na tambaye ki, kika ce zazzaɓi ke sa ni jin abubuwa. Shekarata goma sha bakwai, na yi shiru. Bayan wata takwas kuka sa ni a jirgin ƙasa da mijin da kuka samo, na yi shiru. Na haifi uku a nan, kowanne ya yi kukan farko sai in ji wancan.

Ban taɓa neman komai a wurinki ba. Kun ɗauke mini ɗaya ban gani ba, yanzu kina so ki ɗauke mini uku don zuciyarki ta yi fari. In Ubangijinki yana son mai laifi, ki nuna masa ni, zan ɗauka. Amma bakinki ya ce babu.

Ina taɓa ƙafafunki, domin haka aka koya mini.

Minati

*

Haladipur, 11 ga Mayu

Ƙanwata,

Albarkata gare ki, in har tana da sauran amfani.

An sare ta ranar Alhamis. Mutane har kan katanga, har kan rufin maƙwabta. Aka yi mini wanka da ruwan kurkum, aka tsayar da ni a rana gaban bishiyar, Harihar Panda ya ɗora hannuna a kan ɓawonta. Ya tambaya, na ce babu. Ya sake, na ce babu. A na uku na tsaya ina kallon ƙasa, daidai wurin, har aka fara gunaguni. Bidyadhar ya ce, "Haba Hemalata, yau kuma bakin nan naki ya mutu? Ke da kike hana kasuwa ci!" Aka yi dariya. Na ce babu.

Suka taɓa ta da ɗan gatarin zinariya, sannan na azurfa, sannan na ƙarfe ya shiga. Sai yamma ta faɗi. Suka naɗe gungumen da jan alharini, suka ɗora a amalanke, mutane suka ja da hannu zuwa haikali. Ba su tona saiwa ba. Sun rufe kututturen da ƙasa, sun shuka tulsi, tsiron nan mai tsarki, a kai, yanzu mata suna zuwa zuba madara a wurin, har da masu neman haihuwa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallonsu. Tsakar gidan ta zama fili fetal, rana har cikin ɗaki.

Kin yi gaskiya. Ba kyanwa ba ce. Da rai aka haihu, watanni ba su cika ba, numfashin sama-sama. Na ce zan ruga in kira ungozoma daga wajen karusa, Inna ta tare ƙofa ta ce in na fita ta faɗa rijiya. Ba wanda ya sa hannu ya yi mugun abu, na rantse miki da abin da ya rage mini. Amma ba wanda ya je neman taimako. Ni na riƙe a cinyata a bayan ɗakin girki tun hantsi, har lokacin da inuwar darbejiya ta kai bakin rijiya, sannan kukan ya tsaya. Da na ture Inna na fita, wataƙila da an rayu. Wataƙila kuma a'a. Kullum sai na auna, ban taɓa samun amsa ba.

Jiya aka aiko mini da shinkafar haikali a ganyen ayaba, rabon girmamawa. Na kasa ci, na kasa zubarwa, tana nan a rufe. An kulle masassaƙa a ɗakin bayan haikali, ana jin ƙarar gizago daga nan. Duk wanda ya yi tari a garin nan sai gabana ya faɗi.

Na yi abin da kika ce. Ban san ko na cece ki ba ne ko na hallaka gari.

Yayarki,
Hemalata

*

Surat, 24 ga Mayu

Yaya Hemalata,

Ina taɓa ƙafafunki. Na karanta sau huɗu kafin in iya ƙonawa.

Dibakar ya yanki tikitin jirgi, dukanmu za mu zo ranar da za a buɗe idanun sabon jikin. An ce za a tsayar da danginmu a gaba. Ba yadda zan ce ba zan zo ba. Itacen nan ya sha daga jikin abin da na haifa, kuma za a fito da shi da furanni a ɗora a karusa. Ban sani ba ko durƙusawa zan yi ko hannu zan miƙa.

A gaban mutane ba za mu iya magana ba, don haka ki faɗa mini yanzu. Ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba. Mace ce ko namiji?

Ƙanwarki,
Minati

*

Haladipur, 2 ga Yuni

Minati, ƙanwata,

Mace ce. Gashi cike da kai, baƙi wuluk, da dogayen yatsu irin naki. Na ɗiga mata ruwan shinkafa da ɗan yatsana, ta tsotsa sau biyu. Na naɗe ta da gefen sarinki mai ruwan ganye, don kada ta tafi ba komai naki.

Ki zo da laima, babu inuwa a gidan yanzu.

Yayarki,
Hemalata