Macen kada da sunana

Daren Alhamis, Lambata

Tafkunan kifina uku na bayan Lambata ni na haƙa su, ba wanda ya riƙe mini ko shebur. Halin macen kadan bakin rafin ma ni na koya wa kaina, shekara tara ina laɓe cikin ciyawa sauro na cizona.

Makon jiya wani malamin jami'a ya zo daga Abuja da kyamara. Na kai shi inda ta binne ƙwai a yashi, na ce, "Dakta, kasa kunne, tun suna cikin ƙwai suke kiran uwarsu." Da ta tone su tana kwasa a baki, ya zabura wai cinye su take. Na ce masa ruwa za ta kai su.

Yau 'yata Hadiza ta miƙo mini waya. "Baba, ga ƙeyarka a bidiyo!" Maganata ce kaf a bakinsa, da Turanci. Ni kuwa an rubuta "wani mai gadi". Mai gadi, a gonata! Ko tuwo ban taɓa ba.

Ya kuma raɗa wa macen kadan sunansa. Gobe zan hau motar Abuja. Dole ya goge, ya rubuta Sale Mai Tarwaɗa, da manyan baƙaƙe.