Ka Zagaya, Munzali

Zurgu, Rano
9 ga Yuli, 2008

Zuwa ga ƙanena Munzali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya ƙara maka basira a karatun tuƙin jirgin saman nan da ka nace wa. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, ƙafar Inna ta yi sauƙi. Ni kuma ciki ya shiga wata takwas, da kyar nake sunkuyawa.

Kawu Gwadabe ya ce ka gaya masa a waya sau biyu kana zuwa sauka kana fasawa, ka sake tashi ka zagayo, har abokan karatunka suna yi maka dariya. Ya ce ka rantse ba za ka ƙara fasa sauka ba. Tunda na ji haka abinci ya ƙi shiga bakina, don akwai abin da na ɓoye maka shekara uku.

Kwana biyu kafin rasuwar yayanka Sharfaddeen, ya kira ni ya ce shi ma ya zagaya sau uku kafin ya sauke ɗan ƙaramin jirgin makarantarsu. Ka san bakina. Na yi ta tsokanarsa, na ce sai duk Zurgu ta ji ɗan Malam Shitu direba ya zo ƙofar gida ya kasa shiga, na sa masa suna Ɗan-zagaye. Ya yi dariya, amma ba irin tasa ba. Ranar da ya tashi shi kaɗai ya taho sauka da gudu fiye da kima, tayoyin suka daki ƙasa jirgin ya yi tsalle. Malaminsa ya ce yana ta yi masa magana ya tashi ya zagayo, shi kuwa ya danna hancin jirgin ƙasa. Na san kwana ne ya ƙare, amma har yau in jirgi ya gifta ta saman gona, dariyar nan tasa nake ji.

Tun ranar Inna ba ta ƙara ce wa kowa a sauka lafiya ba, ko mai zuwa kasuwar Kibiya ne, sai dai ta ɗaga hannu. Ni ma in mata suka ce Allah ya sauke ni lafiya, Sharfaddeen nake tunawa.

Munzali, don Allah ka warware rantsuwar nan, ka yi kaffara. In ƙasa ba ta yi maka daidai ba ka zagaya, ko sau goma ne. Mai dariya ya yi ta yi.

Ka gaida abokin zamanka Isiyaku. Kawu Gwadabe da Luba da Afra'u suna gaishe ka. Na karanta wa Inna wasiƙar nan, har abin da na ɓoye. Da na gama, ta ce in rubuta maka: a sauka lafiya.

Yayarka,
Sharifa